Ranar da na ɗora wa yaro laifin teku



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raya mu har muka riski zamanin da tsohuwa za ta zauna a kan tabarmarta a Agoè tana kallon fuskar ƙanenta da ke kwance a Abijan. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana masu karatu, na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan labari, domin ba irin labarin da ke ƙara wa mai shi girma ba ne. Sai dai na lura da wuya a sami gida a unguwarmu da bai taɓa ɗanɗana abin da ya jefa ni cikin kuskure ba, wato waya ta ƙi kama wifi daidai lokacin da ake tsananin bukatarta. Shi ya sa na ga ya fi kyau in tona asirin kaina, in kuma rubuta abin da na koya a hannun yaron da na zalunta, ko Allah Ya sa wani ya tsira daga ramin da na faɗa.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana cikin mutanen da aka kwashe daga tsohon Zongo na tsakiyar Lome a shekarar 1977, lokacin da aka rushe unguwar aka mayar da mazaunanta nan arewacin gari, tafiyar kimanin kilomita 15. Ina yaro ƙarami a lokacin, abin da kawai ya tsaya mini a rai shi ne zamana a kan ɗaurin tabarmi a bayan mota, Inna tana rungume da tukunyarta. Ƙanenta, Kawu, wanda ke fataucin goro, ya ce shi ba zai iya fara sabuwar rayuwa a cikin ciyawa ba. Ya nufi Kumasi, daga can ya wuce Abijan, ya yi gida a Ajame, ya yi aure ya hayayyafa. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Shekara da shekaru zumuncinsu yana tafiya a aljihun direbobi, da farko wasiƙar ajami, daga baya kaset da ake ɗaukar murya a kai, sannan aka zo zamanin bin layi a kabin ɗin tarho ana magana ana kallon agogo saboda tsada. Da girma ya kama Inna sai kunnenta ya yi nauyi, ya zamana ba ta fahimtar magana sai ta ga bakin mai yin ta. Kiran WhatsApp mai hoto ne ya dawo mata da ƙanenta, kuma saboda wannan kira ne na ɗaure na ɗauki nauyin biyan kuɗin wata, na sa aka ja mini igiyar intanet aka kafa akwatin wifi a gida.

Katanga ɗaya ce ta raba ni da maƙwabcina, wani malami mai karantar da yara allo, wanda mahaifinsa da nawa tun tsohon Zongo suke maƙwabtaka. A watan Disamba na 2023, gobarar da ta ci kasuwar Assiyéyé cikin dare ta haɗa da rumfar matarsa, kayan da ta tara domin cinikin ƙarshen shekara suka zama toka. Babban ɗansu, saurayi mai shekara goma sha tara da ke koyon gyaran waya, ya fara ɗaukar hoton ɗan kayan da uwar ta karɓo bashi yana nuna wa masu saye ta waya. Da na ga kullum yana kashe abin da babu wajen sayen mega, sai na kira shi na ba shi lambar sirrin wifin gidana, na ce ya yi amfani da ita amma kada ta wuce shi. Ya durƙusa ya yi godiya.

Ba a jima ba masu ba da shawarar da ba a tambaye su ba suka fara. Wani a majalisarmu ya ce da ni: "Alhaji, lambar wifi wutar kara ce, in ka ba yaro ɗaya ka ba layin nan duka." Na yi dariya ban ce komai ba. Amma daga ranar, duk daren da na dawo na tarar da samari zaune a gindin katangata suna latsa waya, sai maganar ta motsa a zuciyata, alhali tun kafin a san wifi samari suke zama a wurin saboda iska.

Ranar Alhamis

Muna cikin kwanakin farko na azumin 1445, ranar Laraba da dare, ɗan Kawu ya aiko cewa an kwantar da mahaifinsa a asibiti kuma za a yi masa aiki da safe. Inna ba ta runtsa ba. Gari ya waye Alhamis, 14 ga Maris 2024, tun hantsi tana riƙe da wayarta tana cewa a kira mata. Na kira, kira ya ƙi shiga. Na aika saƙo, ya tsaya da 'yar alamar agogo a gefensa. Alamar wifi mai kama da mafici kuwa a cike take a fuskar wayar, abin da ya ƙara ɗaure mini kai ke nan. Wayata ma haka, shafi yana buɗewa da ƙyar ko ya ƙi buɗewa gaba ɗaya.

A nan ne shaiɗan ya sami ƙofa. Na ce a raina, ga shi abin da aka faɗa ya tabbata, 'yan unguwa sun taru sun shanye mini rezo. Cikin awa guda na yi abubuwa uku, kowanne ina ganin dabara ce. Na sa babbar 'yata ta canza lambar sirrin akwatin. Na ciro akwatin daga inda aka rataye shi na tura cikin kabad ɗin ƙarfe na ɗakina na rufe, wai don kada wifin ya tsallake katanga. Sannan na ɓalle bayan tsohuwar wayar Inna na cire batir na ajiye ya huce, na mayar. Da na kunna sai wani rubutu na Faransanci ya fito, ƙanana-ƙanana, ba ni da tabarau a kusa, na share shi ban karanta ba. Bayan wannan ɗawainiya duka, alamar mafici ma da ke cike ta ɓace.

Aka yi sallar la'asar, ga yunwa, ga zafin watan Maris, ga kukan tsohuwa a kunnena. Muna fitowa daga masallaci na hango yaron yana sa takalmi. A gaban mahaifinsa da sauran jama'a na ce: "Kai, amanar da na ba ka ke nan? Ka raba lambar ga abokanka, tsohuwa na can tana kuka ba ta san halin da ɗan'uwanta yake ciki ba." Ya ce: "Baba, wallahi ban ba kowa ba." Na ce ya rufe mini baki. Mahaifinsa ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce: "Allah Ya huci zuciyarka, Alhaji." Ya kama hannun ɗansa suka wuce. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, na kuwa zare ta a bainar jama'a.

Maiɗakina ce ta tuna mini abin da fushi ya mantar da ni, cewa waya tana iya kira ko babu intanet. Na sayi kredi na kira Abijan kai tsaye, Allah Ya sa kiran ya shiga. Ɗan Kawu ya ce an yi aikin lafiya, mahaifinsa ya farfaɗo, su ma tun safe babu rezo a garinsu. Wannan magana ta ƙarshe ta wuce ta kunnena ban tsaya na auna ta ba. Na kanga wa Inna wayar a kunne, ba ta ji komai ba sai gunaguni. Ta ture hannuna ta ce: "Kuna ɓoye mini ne. Haka kuka yi mini ranar da babanku ya rasu, sai da aka yi wanka na sani." Ba ta yi ƙarya ba, mun yi mata haka. Da aka kira magariba ta kurɓi ruwa ta ci dabino ɗaya, ta ce ba za ta ci abinci ba sai ta ga fuskarsa.

Muna cikin wannan hali sai aka yi sallama. Ƙanwar yaron ce, ɗauke da kwanon koko da ƙosai, kamar yadda gidansu ya saba aiko mana kowane buɗa baki.

Abin da ya faru a ƙarƙashin ruwa

Bayan asham na tarar jama'a sun yi cirko-cirko a ƙofar masallaci, kowa da irin kukansa. Mai aika kuɗi ya ce aikinsa ya tsaya, mai ɗa a Akara ya ce ya kasa samunsa, wani ya ce tun safe yake zagin wayarsa. Da na koma gida na kunna rediyo na ji bayani. A safiyar wannan rana manyan igiyoyi huɗu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, waɗanda ake kira WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, sun lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, kuma daga baya masana suka danganta abin da motsin ƙasa a can ƙasan teku. Ta cikin irin waɗannan igiyoyi ne yawancin saƙonninmu da hotunanmu suke bi zuwa Turai da sauran duniya su dawo, ko da wanda kake kira yana ƙasar da ke kusa da kai. Kwaddibuwa ta fi kowa jin jiki, rezo ya kusa mutuwa a can baki ɗaya. Laberiya da Benin da Gana da Burkina Faso sun sha wuya, abin ya taɓa Nijar da Najeriya, ya taɓa mu nan Togo. Abin da ya rage mana raɗaɗi shi ne igiyar Equiano, wadda kamfanin Google ya ja daga Fotugal zuwa Afirka ta Kudu, kuma Lome ce wurin farko da ta sauka a nahiyar Afirka a watan Maris na 2022. Ita ba ta tsinke ba, aka karkatar da wani sashe na kayan zuwa kanta. Sauran kuwa sai da jiragen ruwa suka yi makonni suna gyara.

Na zauna a bakin gado ina jin kamar an watsa mini ruwan sanyi. Laifin da ke kwance a ƙasan teku, nisan ɗaruruwan kilomita daga Agoè, shi na ɗauka na ɗora a kan yaron da ko teku ba ya zuwa gani sai ranar Sallah. Malamanmu sun sha karanta mana Suratul Hujurati, inda aka hore mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, aka kuma tsoratar da mu game da yawan zato. Na san wannan tun ina makarantar allo, amma ranar da aka jarraba ni da shi sai na faɗi.

Duk da haka girman kai ya hana ni motsi ranar Juma'a. Na ce bari rezo ya dawo tukuna. Zuwa Asabar wayoyin mutane sun fara aiki, ɗan Kawu ya aiko ta wayar 'yata cewa su ma sun fara samu jefi-jefi. Wayar Inna kuwa shiru, tawa ma sai na tsaya a jikin kabad take ɗan kamawa. Kwana uku ke nan Inna ba ta ci abin kirki ba, ga azumi da ta ƙi ajiyewa. Na so in nuna mata shi ta wayar 'yata, mega ya ƙare a tsakiyar ƙoƙari, hoton ma bai fito ba. Wanda ya san gyaran waya a layinmu mutum ɗaya ne.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na jira aka idar da la'asar, a wurin da na yi maganar, a gaban mutanen da suka ji ta, na ce da maƙwabcina: "Malam, na zalunci ɗanka, na kuma kunyata ka. Ku yafe mini don Allah." Ya ce: "Alhaji, ai ɗanka ne, uba yana faɗa." Na ce faɗan uba daban, ƙazafi daban. Na juya wurin yaron na nemi gafararsa. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Ba komai, Baba. Yaya jikin Inna?"

Moɗa, randa, bututu da kogi

Da muka shiga gida na miƙa masa wayar Inna, ya ajiye ta gefe. Ya ce: "Baba, kafin mu taɓa komai, bari mu gano inda ruwan ya tsaya." Ya ce in ɗauki abin kamar ruwan famfo. Waya ita ce moɗa, akwatin wifi shi ne randa, igiyar da ta shigo gida ita ce bututu, manyan igiyoyin teku kuwa su ne kogin da ake janyo ruwan daga gare shi. Alamar mafici da ke cika a fuskar waya abu ɗaya take nunawa, cewa moɗa tana kusa da randa. Ba ta faɗin ko akwai ruwa a cikin randar. Shi ya sa wani lokaci waya take rubuta « Connecté sans Internet ». Kuma wanda kake kira shi ma yana da tasa moɗar da randar, in nasa ɓangaren ya tsaya, ko naka lafiya lau yake kira ba zai shiga ba.

Saboda haka, in ji shi, gwajin farko ba ya bukatar ilimi ko kuɗi. A ɗauko waya ta biyu a haɗa ta da wannan wifi ɗin. In ta yi aiki, ciwon yana jikin wayar farko. In duka sun ƙi, a duba akwati. In akwati lafiya yake amma babu abin da ke buɗewa, a kashe wifi a gwada mega, a kuma leƙa a tambayi maƙwabci. In kowa yana kuka iri ɗaya, to matsalar ta fi ƙarfin gida, sai haƙuri, kuma duk abin da mutum ya kwance a lokacin ƙarin aiki ya jawo wa kansa. Ya ɗauko tasa wayar zai gwada, sai ya ɗago a hankali ya ce yana bukatar sabuwar lambar. Kunyar da na ji a lokacin ta fi ta ƙofar masallaci.

Ya tambayi inda akwatin yake, na buɗe kabad. Ya taɓa shi ya janye hannu, ya yi zafi kamar murfin tukunya. Bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya bayyana mini cewa wifi igiyar rediyo ce marar ƙarfi, ƙarfe yana tare ta, ruwa yana shanye ta, bangon bulo yana rage ta. Kabad ɗin ƙarfe, bayan firji, gefen tankin ruwa, ƙasan gado, duka kabarin wifi ne. Wurinsa shi ne sama, a fili, kusa da tsakiyar gida, inda iska ke ratsawa. Ya zare shi daga wuta, ya ƙirga talatin, ya mayar, ya ce a ba shi minti biyu ko uku ya gama farkawa, kuma haka ake jira duk lokacin da wutar lantarki ta ɗauke ta dawo. Ya nuna mini fitilunsa. Ya ce in na ga wadda aka rubuta wa LOS ta yi ja, to hasken da ke zuwa ta siririyar igiyar gilashin ya yanke, ko an lanƙwasa ta ko ta tsinke a waje, wannan aikin ma'aikatan kamfani ne, a kira su, kada kuma a leƙa bakin igiyar da ido. Allah Ya rufa asiri, duk jan da na yi mata ba ta karye ba.

Daga nan ya nuna mini cewa akwatin yana fitar da suna biyu, ɗaya yana ƙarewa da 5G. Ya ce wannan ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba, zango ne na 5 GHz, mai sauri amma gajeren tafiya, bango ɗaya ko biyu sun isa su gajiyar da shi. Ɗayan kuma na 2.4 GHz ne, bai kai shi sauri ba amma ya fi ratsa bango da nisa, kuma tsofaffin wayoyi da yawa shi kaɗai suke gani. Ɗakin Inna yana bayan bango biyu, saboda haka na biyun ne nata.

Sai yanzu ya ɗauki wayarta. Ya ce tana ta ƙwanƙwasa ƙofa da tsohon mabuɗi, domin ta riƙe lambar da na canza. Ya shiga jerin sunayen wifi, ya danna sunan namu, ya zaɓi « Oublier », wato ta manta da shi, sannan ya sake rubuta sabuwar lambar. Ya ce a riƙa danna 'yar alamar ido domin a ga abin da ake rubutawa, saboda babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne a wurin na'ura, kuma sifili yana kama da harafin O. Alamar mafici ta dawo. Na ce alhamdu lillahi, na danna WhatsApp, sai rubutun nan da na share ranar Alhamis ya sake fitowa. Ya karanta mini: kwanan watan wayar ba daidai ba ne. Cire batir ɗin da na yi ya mayar da ita wata shekara da ta wuce tuntuni. Ya ce shafukan da ke da tsaro suna nuna wa waya wata takardar shaida mai kwanan farawa da na ƙarewa, in agogon waya ya ɓata sai ta ga takardar ba ta dace da lokacinta ba, ta ƙi amincewa. Ya shiga « Date et heure » ya sa ta riƙa ɗaukar lokaci da kanta daga rezo.

Yana aiki ina tambaya, domin mai tambaya ba ya ɓata. Ya ce yawancin wayoyin da ake kawo musu shago da sunan sun lalace, ba su lalace ba. Wata yaro ne ya danna « Mode avion », alamar jirgin sama, wadda ke kashe duk wata hulɗa, kuma ita kanta magani ce, in aka kunna ta na ɗan lokaci aka kashe sai waya ta sake neman rezo daga farko. Wata an bar VPN a kunne ya toshe hanya. Wata tsarin tattalin batir ne yake yanke wifi da zarar fuskar waya ta yi duhu. Wata ta cika da hotuna har ba ta iya numfashi. Wata kuma ta tsufa ne kawai, domin tun watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android da bai kai 5.0 ba. Masu sayen tikiti a Wifi Zone na unguwa kuwa, in shafin da ake rubuta lambar tikitin ya ƙi fitowa, su kashe mega da VPN su buɗe mashigar intanet da kansu, su kuma sani galibi tikitin yana ɗaure da wayar da aka fara sa shi a kanta. Ya ƙara da gargaɗi cewa shafin wifi na gaskiya ba ya tambayar lambar sirrin asusun kuɗi, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne.

In duk wannan ya gagara, akwai mataki na ƙarshe a cikin waya da ke wanke saitin rezo kaɗai, wanda zai share lambobin wifi da aka adana amma ya bar hotuna da sunayen mutane. Ya ja kunnena kada in rikita shi da wanda ke mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, domin wannan yana share komai. Haka nan ɗan ramin da ke bayan akwati, wanda ake soka wa tsinke, ya ce in bar shi sai ma'aikaci ya ce a taɓa.

Kafin ya tashi ya ce akwai abin da yake so in gani da idona. Ya buɗe shafin akwatin ya nuna mini jerin na'urorin da suka taɓa shiga cikinsa. Takwas ne. Bakwai na gidana, har da talabijin ɗin da yarana ke kwana kallo a kai, ta takwas kuma tasa. Ya ce gaskiya ne in mutane suka yi yawa a kan akwati ɗaya yana yin nauyi, musamman da dare in kowa na kallon bidiyo, kuma maigida yana da haƙƙin canza lambarsa in ya ga baƙuwar na'ura, domin shiga wifin mutum ba da izninsa ba cin haƙƙi ne. Amma ana dubawa ne a gani, ba a yanke hukunci da ka. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani.

Fuskar Kawu

Ana saura kaɗan a sha ruwa kiran ya shiga. Hoton yana tsayawa yana tafiya, domin Abijan ba ta gama warkewa ba, amma ga Kawu nan jingine da matashin kai, ya rame, yana ɗaga hannu. Inna ta kawo wayar daf da idonta ta daɗe tana kallo, sannan ta kira shi da sunan da take kiransa tun suna yara, ta ce: "Ashe kana nan." Ya ce yana nan, Yaya. Ta juyo ta ce a kawo mata tuwo. Da na waiwaya in yi wa yaron godiya, ya riga ya fice, yana sauri ya sha ruwa a gidansu.

Allah Ya yi wa Kawu rasuwa bayan Babbar Sallah ta wannan shekarar. Tsakanin wannan Asabar da ranar da ya cika, kusan kowane maraice sun ga juna. Da labarin ya zo ban ɓoye wa Inna ba, ni da kaina na zauna a gabanta inda za ta ga bakina na faɗa mata.

Ya 'yan'uwa, magabata sun ce zumunci a ƙafa yake. A yau wani sashe nasa ya koma cikin waɗannan ƙananan na'urori, tunda 'ya'yan Zongo sun watsu daga Kano zuwa Jamus da Amurka. Ya kamata kowane gida a sami wanda ya san waɗannan 'yan matakai, kuma iyaye kada mu ji nauyin koyo a hannun 'ya'yanmu. Amma maƙwabcin da ke bayan katanga ba ya bukatar rezo, kuma ba ƙaramar asara ba ce mutum ya ɓata da shi garin neman wanda ke nesa. Ni na kusa yin wannan asara, haƙurin Malam da tarbiyyar ɗansa ne suka cece ni.

Akwatin yanzu yana rataye a zaure, sama da ƙofa, a bangon da ya fi kusa da gidan Malam. Yaron ya buɗe ɗan teburinsa na gyaran waya, kuma duk lokacin da aka canza lamba shi ne yake zaɓen sabuwa.

Allah Ya jiƙan Kawu da sauran magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara a gobara da mafi alheri, Ya tsare harsunanmu daga zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Amin.